An Yafe Wa Inna Fejira Da Harshen Da Ba Ta Ji

Cikin alhini, da wani ɗaci da ya ƙi haɗiyuwa, Ƙungiyar Raya Harshen Zazaki ta Pulumur da ke ƙasar Turkiyya ta samu labarin rasuwar uwarmu, mai waƙar makokin wannan kwari namu, Inna Fejira Karatash, wadda Allah ya karɓi ranta ranar Talata bayan ta sha jinya.

Da wuya a samu gida a ƙauyukan nan da marigayiya ba ta yi wa mamacinsa waƙar bankwana ba, domin ko ƙanƙara ta toshe hanya takan dogara sandarta ta je, ta ambaci mamaci da kakanninsa da maɓuɓɓugar da ya sha ruwanta. Turkanci kuwa, ko na sayen gishiri ba ta iya ba, kuma bai taɓa damunta ba.

Abu ɗaya ta roƙa, a gaban mai girma Pir, jagoranmu na addini, da babban ɗanta Injiniya Jemal, cewa ranar da aka shimfiɗe ta, idan Pir zai tambayi jama'a ko sun yafe mata, ya tambaya da Zazaki. Cewa ta yi, "Kada ku yi ta magana a kaina ina kwance kamar buhun gari." Aka yi dariya, Injiniya ya sumbaci hannunta, kowa ya ɗauki alkawari.

Ranar jana'iza Injiniya ya raɗa wa Pir cewa surukai sun zo daga Istanbul kuma ba sa jin Zazaki, bai kamata a bar su a duhu ba. Pir ya tambaya da Turkanci, aka amsa da Turkanci, tsofaffin ƙawayenta suna ta waige-waige suna tambayar me aka ce. Ba za mu ɓoye ba, an ci amanarta, kuma ba baƙi ne suka ci ba.

Duk da haka muna miƙa ta'aziyyarmu ga Injiniya Jemal da ƙannensa da jikoki, muna roƙon Allah ya jiƙanta, ya ba su juriyar wannan rashi.

Ranar sadakar arba'in Ƙungiya za ta tsaya a bakin kabarinta ta sake yin tambayar da Zazaki, kuma mun bar wa iyali wuri a sahun gaba. Kafin nan, Inna Fejira ba ta ji cewa an yafe mata ba.

Mursa Kilich
Kakakin Ƙungiyar Raya Harshen Zazaki, Pulumur