Kwana Uku Muna Ninka wa 'Yarmu Magani Ba Mu Sani Ba

Anti, don Allah ki taimake ni. Ni tela ne. Kwana biyar ke nan da aka cire wa 'yarmu mai shekara shida 'yan wuya, ƙululun nan biyu na maƙogwaro. Aku muke ce mata saboda surutu, amma tun da muka dawo gida ta yi gum. Yawu ma da kuka take haɗiye shi, abin da ta sha kuma sai ta dawo da shi.

Likita ya ba mu maganin zafi na ruwa, uwarta ke ba ta. Ni na kasa jure ganinta haka, sai na sayo wani na zazzaɓi mai ɗanɗanon lemo, ina ba ta kafin in tafi shago da in na dawo. Ban faɗa wa kowa ba, don kada a ce na cika zaƙewa. Jiya ƙanwar matata, ma'aikaciyar jinya, ta zo dubiya. Ta jera kwalaben biyu a kan tebur ta karanta mana bayansu, ashe duk farasitamol ne, suna kawai ya bambanta. Ta ce yawansa na taɓa hanta. Nan na faɗa musu kwana uku ke nan ina ba ta nawa a ɓoye.

Mun ruga asibiti, aka ɗebi jini, aka ce hantar lafiya lau. Amma Maman Aku ta kulle magungunan a durowa, ta rantse ko ɗigo ba za a ƙara ba yarinyar ba, ni kuma ko kallona ba ta yi. Yarinya na ta kuka, maƙogwaronta ya yi fari fat, har da wari. Ni na jawo wannan ma?

Baban Aku

Baban Aku, ka gode wa Allah, ka kuma gode wa ƙanwar nan. Tausayi ne ya ja ka, amma ɓoyewar ita ce laifin. Ka ba matarka haƙuri ba tare da kawo hujja ba. Tsoronta na kan hanya, sai dai hana maganin ma cutarwa ce: yaron da wuyansa ke zafi ba ya shan ruwa, rashin ruwan kuma na ƙara zafi da tashin zuciya.

Ku koma wurin likitan tare yau ɗin nan, Maman Aku ta ji da kunnenta yaushe za a ci gaba da maganin da nawa za a ba yarinyar, ku kuma tambaye shi maganin amai. Mutum ɗaya ya riƙa bayarwa, ana rubuta lokaci. A ba ta ruwa mai sanyi kurɓi-kurɓi, da abinci mai laushi kaɗan-kaɗan. Farin nan da warin galibi ciwon ne ke warkewa, kada a goge shi. Amma in kun ga jan jini a baki ko a amai, ko fitsari ya ɗauke, ku tafi asibiti nan take.

Makullin durowar kuwa, bar shi a hannun matarka. Allah ya ba Aku lafiya, ya sanyaya zuciyar uwarta.