Shaidar Layi Uku

12 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida Curtis. Yaya gwiwar taki da wannan sanyi? Mu nan Minnesota lafiya lau, shanu ma lafiya, sai dai maigidana Arlen da injinsa na tatsar madara, kullum da abin da zai sa ya zage shi.

Jiya muka tura takardun 'yata Tilda na neman shiga jami'a. Kin san burinta tun tana 'yar shekara bakwai: likitar dabbobi, na garke, ba na kyanwar 'yan birni ba. Jami'ar da take so tana da wani tsari na musamman, ɗalibai ashirin kacal ake ɗauka a shekara, wanda ya samu shiga kuwa ya kama hanyar likitanci kai tsaye.

Ga inda na sha wahala. Tunda a teburin kicin ɗina ta yi duk karatunta, ni ce malama, ni ce shugabar makaranta. Ni zan ba da maki, ni zan rubuta shaida a kanta. Yaya, ina uwa ina zama ta yabi 'yarta a gaban baƙi? Ai sai su ce da ma me za ta ce. Don haka na matse makin, inda ta ci ɗari na rubuta tamanin. Shaidar kuma layi uku na yi: tana da ƙoƙari, tana da taurin kai, rubutunta na buƙatar gyara. Arlen ya leƙa ya ce, "Haba Lorna, ko saniya za ki sayar ai kin fi haka yaba ta." Na ce ya je ya ji da injinsa. Mai kyau ba ya buƙatar talla.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Lorna

20 ga Maris

Yaya Verna,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ki yafe mini dogon shirun nan, kunya ce ta riƙe mini hannu.

Ba su ɗauki Tilda ba. Wata mata a ofishin ɗaukar ɗalibai ta yi mini bayani ta waya cikin mutunci. Ta ce jarrabawar ƙasa da Tilda ta zauna ta yi kyau ƙwarai, amma masu irin wannan sakamako sun haura ɗari, sai aka koma ga shaidar malamai. Malaman wasu sun cika shafi biyu-biyu. Masu zaɓen ɗaliban kuwa gani suka yi, in wadda ta fi kowa sanin yarinya layi uku kawai ta samu, to akwai abin da ta ɓoye.

Akwai kuwa. Na ɓoye ranar da ƙanƙara ta toshe hanya, likita ya kasa zuwa, ɗan maraƙi ya karkace a cikin uwarsa. Yarinyar nan tana shekara sha huɗu ta zura hannu har kafaɗa ta juyo shi, uwa da ɗa suka rayu. Na ɓoye littafin da take rubuta ciwon kowace saniya da maganin da ya yi mata. Ni a ganina aikin gida ne, ba abin faɗa ba.

Ranar Asabar tana neman takardar rigakafin shanu a aljihun tebur, ta ci karo da kwafin shaidar. Ina feraye dankali ta shigo. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "Mama, zancen jami'a da sauƙi, akwai baɗi. Amma shekara goma sha biyu muna zaune a teburin nan, abin da kika gani ke nan?" Na buɗe baki, kin san me ya fito? Cewa na yi ta cire takalmin garke kada ta ɓata mini daɓe.

Kin tuna ranar da kika zo ta ɗaya a duk gundumarmu? Baba ya duba takardar, ya ajiye, ya ce a miƙo masa gishiri. Ni na same ki a bayan rumbu kina kuka, na rantse ba zan taɓa yi wa ɗana haka ba. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na yi nadama, Yaya, irin wadda ban taɓa yi ba.

Na gode da kika ba Tilda ɗaki a gidanki. Za ta riƙa taimaka wa likitan dabbobi na garinku, ta sake nema baɗi. Ta ce wannan karon shi zai rubuta mata shaida. Ba da fushi ta faɗa ba, shi ya fi yi mini ciwo.

Za ki ga wata takarda a cikin ambulan ɗin nan, shafi biyar. Ita ce shaidar da ya kamata in rubuta tun Nuwamba. Ba jami'ar da za ta karɓe ta yanzu, don haka ki ba mai ita. In ta ƙi karɓa, ki karanta mata a bayyane, ke bakinki ba shi da nauyi.

Na so in miƙa mata da hannuna da safen nan da za ta taho wurinki. Takardar tana aljihun rigata har ta shiga mota, har ta sauke gilashi tana kallona, tana jira. Abin da na iya ce mata shi ne ta tuƙa a hankali, akwai santsi a hanya.

Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaida Curtis.

Ƙanwarki,
Lorna