Janaretan Sale Mai Caji

Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Ummi?

Tsohuwar kwamfutar da ka aiko mini in koyi jarrabawar ɗaukar malamai, batirinta ya mutu, sai an jona ta take kamawa. Na kai ta shagon Sale mai caji a Batsari, ina ɗora mata Windows. Duk sanda aikin ya kusa ƙarewa, sai janaretansa ya mutu. Ya ce, "Malam, mai ne ya ƙare. Ita ma ta tsufa, sayar mini kawai." Na leƙa tankin, da mai.

Gobe zan gwada a Safana, gidan Kawu akwai sola. In ta hau can, na san ba tsufa ba ne.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida Anti.

Ƙanenka,
Nura