Lugude a Ƙauyen Japan

Daren Asabar, watan Agusta

Kafaɗata ciwo take yi, amma ko a jikina.

Tun da na baro Samaru na zo ganin ɗana Sani a Japan, maganarsa ɗaya ce: "Mama, kar ki taɓa, nan ba gida ba ne." Ni da na haife shi! Ɗanyen kifinsu kuwa har yau na kasa haɗiyewa.

Yau ya kai ni bikin wani ƙauye a tsakiyar gonakin shinkafa. Ban shiga ɗakin bautarsu ba, na tsaya a fili ina kallon fitilun takarda. Sai na jiyo sautin turmi. Wata tsohuwa ce ke kirɓa dafaffiyar shinkafa, saurayin da ke taya ta sai dukan bakin turmi yake yi. Hannuna ya fara ƙaiƙayi.

Sani ya riƙo mayafina. "Don Allah Mama, za su yi mana dariya."

Na ce, "Sake ni."

Na karɓi taɓarya. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma muka shiga lugude, ta sauke in ɗaga. Da daɗi ya kai ni, na cilla taɓaryar sama, na tafa, na cafe. Fili ya ɗauki sowa.

Ta gutsuro min curi mai danƙo, kamar tuwon shinkafa ba miya. Na cinye tas.

Can na hango Sani yana bin mutane, yana nuna ni, yana dafa ƙirjinsa. Wannan kam ba sai ya fassara min ba.