Na Goge Rugar Su Hajara Daga Taswira

Anti Ramla, don Allah ki taimake ni, kwana huɗu ke nan abinci ba ya mini daɗi.

Shekaruna goma sha bakwai, ina wani ƙauye kusa da Tudun Wada. Ni ba mai yawan magana ba ce, in na gama aikin gida sai in shige ɗaki da littattafan soyayya. Yayana Muzammil yana karanta kwamfuta a jami'a. Aikin kammala karatunsa wata manhaja ce mai zana iyakokin mazaɓu da kanta: a ba ta yawan mutanen kowace unguwa, ta raba su daidai, ba ruwanta da jam'iyyar kowa. Da ya zo hutu sai ya ba ni takardun ƙidayar da ya yi, ya ce in shigar masa tunda na fi shi saurin hannu.

Anti, akwai wani Zayyad a hayin rafi. Ba mu taɓa magana ba, sau biyu dai ya kauce mini da kekensa na wuce. Amma na daɗe ina hango ranar zaɓena na farko: firamaren garinmu, layin mata nan, na maza can, inuwar dalbejiya a tsakani, ya waigo, ni kuma in sunkuyar da kai ina kallon tawadar da ke yatsana. Har mayafin na zaɓa, ruwan hoda.

Da taswira ta fito, launuka gwanin kyau, sai na ga layin ya bi rafi. Mu kore, su Zayyad rawaya, wato wata makarantar za su je zaɓe. Na yi ta gwadawa har na gano in mutanen ɓangarenmu suka ragu, kwamfutar za ta jawo hayi ta cike. Sai na goge rugar su Hajara, ƙawata mai kawo mana nono. Na ce wa kaina ai da rani tafiya suke da shanu, kamar ba sa nan ne. Layi ya tsallake rafi, hayi ya koma kore. Wallahi daɗi na ji.

Ranar Asabar Yaya zai nuna wa malaminsa da dattawan yankinmu taswirar, yana ta alfahari wai babu son ran kowa a ciki. Jiya Hajara ta zo da ƙwaryarta, har ta ƙara mini man shanu, na kasa haɗa ido da ita. In na faɗa wa Yaya, dole ya tambayi dalili, kuma gara ƙasa ta tsage in shige da in ambaci Zayyad a gabansa. Gwaji ne fa kawai, ba hukuma ce za ta yi aiki da ita ba. In yi shiru?

'Yarki mai yawan tunani

*

'Yata, kada ki yi shiru.

Mayafin ruwan hoda ya sa ni murmushi. Mu ma mun yi irin wannan mafarkin, ba laifi ba ne. Kuma gaskiyarki, gwaji ne. Amma dattawan nan sun san rugar, wasunsu can suke sayen ragon layya. In ɗaya ya tambaya ina take, yayanki zai sha kunya a gabansu, a tashi ana cewa manhajarsa ba ta son Fulani. In kuma ba wanda ya lura, ya fi muni: ido ya fara sabawa ke nan da taswirar da babu su. Tafiya kiwo ba ta fitar da mutum daga garinsu, gonakinsu da kaburburan iyayensu suna nan.

Kwamfuta ba ta da son kai, amma da abin da aka ba ta take aiki. Abin da kika yi don mutum ɗaya, shi yayanki ke ƙoƙarin hana masu neman kujera.

Ki same shi yau, shi kaɗai. Ki ce da gangan kika cire rugar don layin ya matsa, kin yi nadama, ku mayar da ita tare. Ba dole ki kira suna ba, ki ce dalilin na ƙuruciya ne, ki roƙe shi ya bar shi haka. Zai yi faɗa, ki daure. In ya huce, ki ce ya sa manhajar ta riƙa nuna duk lambar da aka taɓa, tunda ke kika gano masa ƙofar maguɗin.

Zayyad kuwa, ko mazaɓarku ɗaya, ba kwamfuta ce za ta koya masa sallama ba. Ki riƙe karatunki, in da rabo ya san gidanku.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa yayanki ya fita kunya ranar Asabar.

Anti Ramla