Tsohon Layin Gaba

Litinin, 3 ga Maris

Da sassafe na tarar da matata a kicin tana yi wa tukwane jawabi. Ludayi a hannu, tana nuna bango. Can sai ta ƙanƙance ido, ta sauya murya irin ta tsoho, ta jefa wa kanta tambaya, ta kuma amsa. Na daɗe a bakin ƙofa ba ta gan ni ba.

Mako mai zuwa za ta gabatar da bincikenta na taurari a jami'a. In Farfesansu ya gamsu, da ita za a tafi wajen babban madubin hangen nesa, kan wani dutse mai sanyi, wata da watanni. Ta nemi izinina tuntuni. Na ce zan yi tunani. Har yau tunanin nake.

Alhamis, 6 ga Maris

Na rufe shagon ɗinki na bi ta, don in ga yadda ake yi. Kowace Alhamis suke zama. Ɗaki mai kujeru hawa-hawa, allo har bango guda. Wani baƙo ne ya yi magana, kwat ɗinsa ta yi masa yawa a kafaɗa.

Ɗan abin da matata ta riƙa raɗa mini: sararin sama buɗewa yake, kamar yadin roba in ana ja. An auna saurinsa ta hanya biyu, awon ya ƙi zuwa ɗaya. Ni in tef biyu suka saɓa, ɗaya zan jefar in huta. Su shekara da shekaru suna neman inda kuskuren yake, da murnarsu kuma.

Da ya gama, Farfesa, wani ɗan tsamurmurin tsoho a layin gaba, ya ɗaga biro. Ya yi wa baƙon nan tas da tambayoyi. Har mutumin ya ce "ban sani ba." A gaban jama'a, da furfurarsa. Na ce yau akwai rigima. Muna fita na gan su suna shan shayi suna dariya.

A hanya ta ce, "Maigida, wanda Farfesa ya yi wa shiru shi ne abin tausayi. Shirunsa sallama ce."

Lahadi, 9 ga Maris

Inna ta zo. "Yanzu mace sai ta hau dutse za ta ga tauraro? Nan babu sama ne?" Na yi dariya. Sai kuma na ji bakina yana yi mata bayanin yadin roba. Ta dube ni kawai.

Laraba, 12 ga Maris

Matata ba ta ci komai ba yau.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau ta gabatar da bincikenta, muryarta tsaf. Ta yi magana kan taurarin da ke fashewa, yadda dusashewar haskensu ke nuna nisansu, kamar fitilar mota a hanya. Ashe haka take in tana cikin nata. A gida ban taɓa jin wannan muryar ba.

Tsohon idonsa a rufe tun farko. Ta gama, ɗalibai suka yi tambayoyinsu, shi ko motsi. Ta dube shi, ta kau da kai. Gaskiya wani ɓangare na zuciyata ya so ya ci gaba da barcinsa. Amma da na ga yadda take murza gefen mayafinta, na ji kamar in sauka in girgiza shi.

Shugaban zaman ya fara godiya, sai biro ya tashi.

Bai raga mata ba ko kaɗan. Ta amsa, ya dawo, ta je allo ta rubuta, ya sake dawowa. Na miƙe ban sani ba, wani ɗalibi ya ja mini riga: "Zauna, Malam, alheri ne." A tambayar ƙarshe ta ce, "Wannan ban sani ba, Farfesa. Sai an duba." Ya ce, "To sai ki je ki duba mana."

Asabar, 15 ga Maris

Ba ta sake tambayata zancen izinin ba. Ta fi ni haƙuri ashe.

Talata, 18 ga Maris

Na shiga kasuwa sayen zare, na fito da yadi mai kauri da audugar ciki. Na yanka a kan awonta, na ƙara tsawon hannu saboda yatsu. Ban ce na yarda ba. Riga ce kawai.

Na so in ɓoye kafin kowa ya gani. Ban samu ba. Mai wankin hula na kusa da ni ya gani, mai gyaran keken ɗinki ma ya gani. Ita kuma Inna, da ta leƙo shago, ta shafa yadin ta ce in ninka wuyan.