Ƙarafan Saman Rufi

Damanhur

Zuwa ga ɗana Wa'il,

Bayan sallama, da fatan kana lafiya tare da matarka Nermin da yara.

Ina sanar da kai cewa ginin benenka zai soma bayan Idi. Ƙarafan da ni da mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, muka bari tsaye a saman rufin gidanmu tun kana jami'a, don mu ɗora maka bene, sun yi tsatsa, amma na gwada su, za su ɗauka.

Zan bi ƙa'idar da na yi aiki da ita a hukumar ban-ruwa har na yi ritaya: a gama aiki guda kafin a taɓa wani, a sa mutum guda ya amsa kowace tambaya, kuma kada a zuba siminti sai gardama ta ƙare. Maginin, Usta Sobhi, ya ce mini, "Haba Injiniya, bene za mu ɗora, ba dam ba." Na sa shi ya sake awon.

Abu guda ya rage: ɗakin girki, gabas ko yamma? Ka tambayi matarka, ka amsa a rubuce.

Mahaifinka,
Mahrus

Maskat

Baba,

Assalamu alaikum. Ina sumbatar hannunka. Yara suna gaishe ka.

Baba, na daɗe ina kewaye-kewaye. Takardunmu na Kanada sun fito, da bazara za mu wuce. Ba za mu dawo Damanhur da zama ba. Mama ta sani. Ita ta ce in yi shiru, za ta gaya maka da kanta idan ta ga fuska, sai ciwon ya riga ta.

Don Allah kar ka zuba simintin nan. Ka zo ka zauna da mu, akwai ɗaki. Ka yafe mini.

Ɗanka,
Wa'il

Damanhur

Wa'il,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso.

An rufe aikin. Jiya Usta Sobhi ya yanke ƙarafan daidai da rufi, na tsaya a kansa har ya toshe wuraren don kada ruwa ya shiga. Bai yi mini gardama ba. Yashin da na saya kuwa na bai wa maƙwabci.

Rufin ya zama fili, ana iya shanya a kai. Tafiya ba zan iya ba, akwai kabarin mahaifiyarka.

Batun ɗakin girki, ba sai ka amsa ba.

Allah ya kai ku lafiya.

Mahrus